Muntaka Safiyo da Mai Jan Bango

Duk wanda ya taɓa zama a Limawa ya san Malam Muntaka Safiyo. In bai san sunan ba, ya san 'yar rular ƙarfen nan da kullum take leƙowa daga aljihun gaban rigarsa. Shekara talatin da biyar ya yi yana yi wa gwamnati awon filaye, kuma ranar da ya ajiye aiki ya mayar da tef da na'ura ofis lafiya lau, amma rula ya ce ba inda za ta. Da ita ya taɓa auna burodin mai shayin bakin titi a gaban jama'a, don ya tabbatar an rage masa tsawo. An rage ɗin kuwa. Matsalar Muntaka ke nan tun tasowarsa: yawanci shi ke da gaskiya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Haifaffen Taura ne, ɗan fari a gidan Malam Idirisu mai karatun zaure. Da allo ya fara kamar kowa, har ya yi nisa, sai aka zo gida-gida neman 'yan firamare. Malam Idirisu bai yi dogon tunani ba ya ba da Muntaka. Ya ce yaron da in an zuba masa tuwo sai ya leƙa kwanon ƙaninsa ya ga ko an yi daidai, ai boko ce ta dace da shi. Ta dace ɗin. Da hutu yakan ɗan taɓa littattafan ilimi a gaban mahaifinsa, amma hankalinsa yana kan lissafi. Ya kama aiki, da aka ƙirƙiro jiha ya dawo Dutse ya gina gida a Limawa, gida mai kusurwa huɗu cif, wanda maginin ya rantse ba zai ƙara yi masa aiki ba.

Ritaya ce ta so ta zautar da shi. Wata shida ya yi yana bin matarsa Hajiya Zaituna har madafa yana tambayar abin da ya sa man gyaɗa ke saurin ƙarewa, har ta haɗa shi da girman Allah ya fita ya nemi tsaransa. Ya same su kuwa, 'yan fansho irinsa, a gindin darbejiya kusa da masallaci, suna zama bayan la'asar. A nan ne Alhaji Gaji, tsohon hedimasta mai shegen son tsokana, ya zo da labarin da ya gani a waya: wai a wasu ƙasashe mutum yakan ɗaura wa kansa karanta littafi hamsin a shekara, daga Janairu zuwa Disamba. Mutum biyar suka ce sun shiga. Aka buɗe guruf a waya, duk wanda ya gama littafi ya ɗauki hoton bangon ya tura. Kafin damina ta faɗi uku sun zame, wannan ya ce ido, wancan ya ce gona.

Muntaka kuwa sai ka ce an mayar da shi bakin aiki. Abu mai lamba, mai iyaka, mai ranar farawa da ranar gamawa! Sai dai ya shigo da fasaharsa ta safiyo. In ya je wajen mai littattafai ba ya duba sunan littafi, rula yake ɗora wa gefensa. Duk wanda kaurinsa ya haura rabin inci ya shiga filin wani, a ajiye shi. Ta haka ya karanta littafin kiwon kaji, shi da ko kaza ɗaya ba ya bari ta kwana a gidansa saboda kashi. Ya karanta na dokokin tuƙi shekara biyu bayan ya rabu da mota. An yi kwana uku ana musu a majalisa ko ɗan littafin da ya zo cikin kwalin janareta yana shiga lissafi, kuma Muntaka ne ya yi nasara, don yana da bango, yana da jerin abin da ke ciki, me kuma ake nema? Shekarar farko ya yi hamsin da ɗaya, ta biyu hamsin da takwas, ta uku sittin da uku.

Wata rana Hajiya Zaituna ta ga ya rufe wani yana murmushi, ta ce, "Malam, wannan kuma me ya ce?"

"Shafi arba'in da takwas ne," in ji shi.

Ta dube shi, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

A farkon shekara ta huɗu ne Alhaji Gaji ya taɓo inda bai kamata ba. Ya ce, "Safiyo, ni fa abin da ke ba ni mamaki, kai ɗan malam ne jikan malam. Littattafan nan na gidanku da ke cikin kabad mai gilashi a falonka, har da kwaɗo, su ba sa shiga lissafi ne? Ko sun fi ƙarfin rula?"

Aka kwashe da dariya. Muntaka ya ji ta har ƙafarsa. Nan take, ba shawara da kowa, ya miƙe ya ce a shaida: bana littattafan mahaifinsa zai karanta, duka arba'in ɗin da marigayi ya bari, kuma kafin ƙarshen Disamba. Har jerin sunayensu yana da shi a fayil, bugun tafireta, don shi da kansa ya rubuta shi ranar rabon gado.

To, ga inda maganar take. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Malam Idirisu. Ya bar 'ya'ya huɗu: Muntaka, da ƙannensa maza Abdulkahar da Zuhair, sai autarsu Zuwaira, wadda ke aure a Garki. Zuwaira ce ta gaji kan tsohon. Tun tana yarinya take raɓewa a bayan ƙyauren zaure tana sauraron karatu, har ya gaji ya shigo da ita. Da idonsa ya mutu a ƙarshen rayuwarsa, ita ce take zuwa ta yi makonni a Taura tana karanta masa, yana yi mata fashin baƙi. Cikin littattafan akwai wani na fiƙihu mai juzu'i bakwai, wanda a gidan ba a kiran sa da sunansa, Mai Jan Bango kawai ake cewa. Shi ne idon dukiyar.

Ranar rabo, a gaban dangi da almajiran marigayi da malamin da aka ɗauko, wa za a ba aikin tsarawa in ba safiyo ba? Muntaka ya dubi juzu'i bakwai, ya dubi magada, maza uku mace ɗaya, ya ji wani daɗi ya kama shi. Bibbiyu sau uku shida, ɗaya na mace, bakwai cif, sai ka ce don gadonsu aka buga littafin. Malamin ya ɗan yi gyaran murya ya ce an fi so a bar wa mutum ɗaya a daidaita sauran da wani abu, amma wa zai ja da mai rula?

A nan Zuwaira ta yi magana daga inda mata suke, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, Mai Jan Bango ba ya cikin gado. Baba ya ba ni shi tun yana raye."

"Ina shaida?"

"Allah ne shaida, Yaya."

"Allah shaidar kowa ne. A kawo mutum biyu, ko a kawo takarda."

Aka jira, ba ta ƙara cewa komai ba. Muntaka, a matsayinsa na babba, ya ɗauki na ɗaya da na biyu, Abdulkahar na uku da na huɗu, Zuhair na biyar da na shida. Zuwaira ta naɗe na bakwai a gefen mayafinta ta koma Garki. Shi yana da farkon littafi, ita tana da ƙarshensa, tsakiya kuma tana hannun mutum biyu da ɗayansu tireda ce sana'arsa, ɗayan tuƙin tirela.

Tun daga ranar ba a yi faɗa ba, wannan gaskiya ne. Da sallah takan kira shi ta gaishe shi, minti ɗaya, ta miƙa wa maigidanta waya. In an haɗu a suna ko ta'aziyya ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Yaya ina wuni," shi ke nan. Ta daina zuwa Limawa, shi ma bai ƙara taka Garki ba. Ga mutane yakan ce ita ce mai riƙo, shi dai ya yi adalci. Amma abin yana cin sa, wallahi yana cin sa. Yarinyar nan a kafaɗarsa take zuwa kallon kasuwa ranar da uwarsu ba ta da lafiya, ita kaɗai ce kuma a duniya take iya yi masa dariya ya yi shiru ya sha. Yana son ƙanwarsa ta dawo, sai dai yana so ta dawo ta hanyar da ba sai ya ce ya yi kuskure ba, tunda a lissafinsa bai yi ba.

Saboda haka da ya ɗauki alkawarin littafi arba'in, ya riga ya tsara yadda zai kauce mata. Nasa kason yana kabad. Na ƙannensa maza ya aika a kawo. Waɗanda ke hannun Zuwaira kuwa, ai ana samun irinsu a Kano, a saya a karanta a tura hoto. Ya fara da sirara, kamar yadda ya saba. Larabcin ya yi tsatsa, yana tafiya yana tuntuɓe, inda ya gane ya gane, inda bai gane ba ya wuce, tunda ido dai ya bi ta kan layin. Zuwa watan Satumba ya tura hoto talatin da uku, Alhaji Gaji har ya fara kiran sa Shehi.

A cikin watan ne Hajiya Zaituna ta dawo daga wani biki ta ce masa, "Malam, na ji an ce idon Zuwaira yana damun ta sosai. Har Kano an kai ta."

"Allah ya sauwaƙe," ya ce, bai ɗago ba. Saura shafi shida ya gama na talatin da huɗu.

Mai Jan Bango ya bari a ƙarshe, don kowane juzu'i ya haura inci ɗaya da rabi, ya auna. Ranar wata Talata a Nuwamba, da hantsi, ya ga babu sauran wurin gudu. Ya nemo makullin kwaɗo, ya ciro juzu'i na farko, ya hure ƙura, ya zauna a kujerarsa ya gyara tabarau. Ya ɗaga bango. Ya juya farar takardar nan da ake bari a farkon littafi, guda ɗaya tak.

A bayanta akwai rubutun ajami da tawadar gida, layukan sun ɗan karkace irin na wanda ido ya fara yi wa gardama. Hannun mahaifinsa ne, ko a mafarki ya san shi. Malam Idirisu ya rubuta cewa ya ba 'yarsa Zuwaira wannan littafi, juzu'insa bakwai, kyauta, ta karɓa a hannunsa, littafin ya zauna a zaurensa ne a matsayin aro har iyakar ransa. Ga rana, ga wata, ga shekara.

Tirƙashi! Muntaka ya karanta sau uku. Ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa, ko rubutun zai canza ra'ayi. Takardar da ya tsaya gaban dangi yana cewa a kawo, ashe shi ya ɗauke ta da hannunsa, ya sa a mota, ya kawo Limawa, ya kulle da kwaɗo. Shekara goma sha biyu tana kallon sa ta gilashi yana karatun kiwon kaji. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya waiga ko akwai mai ganin sa a ɗakin da shi kaɗai ne.

Bai je majalisa ba ranar, bai je washegari ba. Ya yi tunanin ya mayar ya kulle, wa ya sani? Amma Muntaka, duk abin da za a faɗa a kansa, bai taɓa matsar da turken iyaka ba a shekara talatin da biyar, ko da an cika masa aljihu. Ya nuna wa Hajiya Zaituna. Ta ce, "To, wannan kuma shafi nawa ne?" Da ta ga fuskarsa ba ta ƙara ba.

Juzu'i na uku da na huɗu sun riga sun iso daga Taura, gara ta ɗanɗana gefen ɗaya a saman sif ɗin Abdulkahar. Na Zuhair suka zo ta hannun direban tasha, suna ƙamshin man dizal. Cikin ƙannen babu wanda ya yi musu da ya ji labarin rubutun, Abdulkahar ma cewa ya yi dama tsoron ajiyarsu yake. Ranar Asabar Muntaka ya ɗaure shidan a sabon kwali ya hau motar Garki.

Ya isa bayan azahar, daidai lokacin da matan aure ke fitowa daga karatu a gidanta da hijabai da 'yan jakunkuna. Ashe makaranta gare ta, ɗalibai sun fi talatin, kuma shi bai sani ba. Ya yi sallama a bakin rumfa.

"Yaya?" ta ce, tun kafin ya rufe baki. "Yaya ne? Lale, lale! Amatullahi, kawo wa kawunki darduma."

Tana zaune a kan tabarma, juzu'i na bakwai a cinyarta, an yi masa riga da atamfa don bangon ya gaji. Ta zamo ta gaishe shi yadda ta saba. Sai dai fuskarta ba shi take kallo ba, tana kallon ɗan gefensa kaɗan, wajen da muryarsa ta fara fitowa. Haka mahaifinsu yake yi a shekarunsa na ƙarshe.

Bayan an sha ruwa ya tura kwalin gabanta, ya buɗe juzu'i na farko, ya ɗora mata a hannu. Duk jawabin da ya shirya a mota ya gudu. Ya ce, "Zuwaira, ga kayanki. Duba nan, bayan takardar farko."

Ta shafa wurin da yatsu, a hankali, daga dama zuwa hagu. "Ba na gani, Yaya. Tun bara baƙi ya daina rabuwa da fari. Wannan ma da ke hannuna riƙe shi kawai nake, da ka nake ba su." Ta ɗan yi murmushi. "Amma na san abin da ke nan. Ai ni na riƙe masa kurtun tawada."

"Kin sani? Kin san yana nan, ranar rabo kika yi shiru?"

"Yaya, kai ne babba. A gaban dangi da almajiran Baba zan ce a buɗe littafi a ƙaryata ka? Da wane ido za su ƙara kallon ka? Na ce mai ilimi irinka, kafin sati ya zagayo zai buɗe ya gani, ya aiko mini a rufe, ba wanda ya ji." Ta juya littafin a hannunta. "Da na ji an ce kana karanta hamsin a shekara, na ce to bana kam. Aka ce sittin, na ce ai sai dai in ba a Limawa littafin yake ba."

Babu zafi a muryarta, kuma da ma da zafin ta yi, da ya fi masa sauƙi. Dattijo ɗan shekara sittin da shida ya zauna a rumfar ƙanwarsa hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Ki yafe mini." Ta ce ta yafe tun tuni, abin da ya rage mata dai shi ne shekara goma sha biyu tana marmarin ta ƙara ganin bayanan da Baba ya rubuta a gefen shafukan farko, ga shi sun zo ba ido.

"Karanta mini," ta ce.

Ya gyara zama ya fara. Bai kai ƙarshen layi na biyu ba ta tsayar da shi ta gyara masa wasali. Ya sake, ta tambaye shi ma'ana, ya yi kame-kame, ta fassara masa da irin kalmomin tsohon, har da yadda yake jan numfashi kafin ya kawo misali. Kafin kiran la'asar sun yi shafi ɗaya. Ta ce ya isa, haka Baba yake yi, shafi ɗaya a zama, kuma a gidansu ba a cewa an karanta littafi sai an kai shi ƙarshe a gaban wanda ya karanta shi.

Hali dai hali ne, hannun Muntaka ya tafi aljihu. Ya ɗora rula a gefen juzu'in, ya lissafa a zuci. "Zuwaira, in kullum ne ba fashi, shekara takwas fa ke nan. Ni kuma na yi wa mutane alkawarin Disamba."

Ta yi dariya, irin wadda ya yi shekara goma sha biyu bai ji ba. "Sai ka gaya musu. Ka tafi da na farkon, kullum bayan la'asar ka kira ni a waya ka karanta. Amma fa aro na ba ka, Yaya. Ka rubuta a takarda, kada gobe a ce babu shaida."

Wasa take yi. Shi bai ɗauke shi wasa ba. Ya zaro biro, ya buɗe bayan farar takardar nan, a ƙarƙashin rubutun mahaifinsu ya rubuta cewa shi Muntaka ya ari wannan juzu'i daga hannun mai shi, Malama Zuwaira, ya sa rana da wata da shekara. Ya miƙa mata don ta duba, hannunsa yana cikin iska kafin ya tuna. Sai ya janye ya karanta mata da baki, kalma-kalma.

"Haka na rubuta," ya ce. "In kina so a kira Amatullahi ta duba."

"A'a, Yaya," ta ce. "Tunda ka faɗa, na yarda."